Teburin Gilashin da Na Saya a Dutsin-Ma

Cikin duk abin da na taɓa saye da kuɗina, babu wanda nake ƙyama irin teburin cin abincin nan na gilashi. Na sayi babur da ya fi kwana wurin makanike a kan gidana, na sayi takalmin da ya buɗe baki ranar da na fara sa shi, duk na yafe musu. Teburin nan kuwa, ko a gidan wani na ga irinsa yanzu sai in ji abinci ya fita raina. Abin haushin shi ne babu wanda ya tilasta mini. Da ƙafata na je, da bakina na ce a ɗora mini shi a mota.

Magini ne ya fara jawo mini. Lokacin da Allah ya hore mini na gina ɗan gidana a Dutsin-Ma, bayan shekaru ina koyarwa ina zaman haya, sai na ga ya fitar da wani lungu tsakanin falo da ƙofar kicin, ya ɗaga daɓensa da taki ɗaya. Na tambaye shi wannan na mene ne. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Malam, dainin ne mana, wurin cin abinci. Yanzu ai ba a yin gida babu dainin." Na gyaɗa kai kamar dama gwada shi nake yi.

Muka tare. Lungun ya yi watanni babu komai a ciki. Matata takan shimfiɗa tabarma a wurin mu ci abinci da yara, kuma wallahi babu abin da ya rage mu da shi. Amma duk abokin aikin da ya zo ganin gida, sai ya leƙa ya ce, "A'a, dainin ɗin bai iso ba tukuna?" Tun ina dariya har abin ya soma ci mini rai. Na fara ganin lungun nan kamar giɓi a baki.

Akwai wani dattijon kafinta a unguwarmu, shi ya yi mana ƙofofi da gado. Wurinsa na fara zuwa. Maimakon ya nuna mini hotuna in zaɓa, sai ya ajiye zarto ya hau yi mini tambayoyi. Ku nawa ne a gidan? Me kuka fi ci? Da hannu ko da cokali? Su wa ke zuwa muku baƙunta? Na riƙa amsawa a daƙile, don ni a ganina tebur na zo nema, ba asibiti na zo ba. Da ya gama ya ce, "Malam, mai cin tuwo danna kwano yake yi, yana son abin da zai tare masa. In dole sai tebur, bari in yi maka na katako mai kauri, gajere, wanda za a zauna ƙasa a ci a kai. Kuma na sha ganin tsohonka yana zuwa ranar kasuwa. Ka sa shi cikin lissafi."

Na ce masa ba teburin mai shayi na zo nema ba. Ya ɗauki zartonsa ya ce Allah ya ba da sa'a.

Matata ma ta yi nata ƙoƙarin. Da na nuna mata hoton irin wanda nake so a waya, ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Malam, farar kujera da manja? Ka tuna fa ni zan riƙa gogewa." Na ce mata ita dai ba ta san zamani ba. Ta ce haka ne, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Shagon da na saye shi yana bakin titi, kujeru jere duk cikin leda. Mai shagon matashi ne mai ƙamshin turare, tun daga ƙofa ya fara kirana Yallaɓai. Ya kai ni gaban teburin: gilashi fari tas, ƙafafun ƙarfe masu sheƙi, kujeru shida farare. Ya ƙwanƙwasa gilashin da makullin mota ya ce ɗan waje ne, duk manyan garin nan shi suke saye. Ya jawo kujera ɗaya mai hannu ya ce wannan ta maigida ce, in ɗana in ji. Na zauna. Na dubi ƙasa ta cikin gilashin na hango takalmina, ranar kuwa ya sha gogewa, yana ta ƙyalli. Har wani daɗi na ji. Iyakar abin da na gani ke nan, ban yi tunanin gaba da haka ba.

Ranar da aka kawo shi tuwon masara aka yi da miyar kuɓewa ɗanya. Na zauna a kujerar maigida na yi bisimilla, na danna tuwo zan yanki loma, sai farantin ya zame ya nufi wurin matata. Na jawo shi, na riƙe da hagu. To ita kuɓewa kowa ya san halinta. A tabarma mutum sunkuyawa yake yi kan kwano, tsakanin miya da baki bai fi taƙi ba. A kan kujera kuwa tafiya ce mai nisa, yauƙi ya biyo loma tun daga faranti, ya tsinke a hanya, rabi a gilashi rabi a cinya. Kafin mu tashi teburin nan ya zama abin da ba na son in kwatanta. Matata ta goge da tsumma, ya dame. Ta goge da ruwan omo, ya yi zane-zane. Duk yatsan da ya taɓa shi sai ya bar shaida.

Kujerun su ma da nasu. Ashe ba fata ba ce, leda ce. In ana zafi sai ta manne wa mutum a baya, in ya tashi ta saki wani sauti da sai ya waiwaya ya ce kujera ce. Ba a yi wata biyu ba suka fara saɓulewa, farin yana ɓarewa yana bin riga. Yara kuma suka gano ƙasan tebur wurin ajiyar cingam ne, ba su san daga sama ana gani ba. Kana cin abinci kana kallon abin da aka tauna shekaranjiya. Sati uku matata ta yi haƙuri, sannan ta sake shimfiɗa tabarmarta a gefen teburin, ita da yara suka koma ƙasa. Ni kaɗai na rage a sama saboda taurin kai, ina ci ina leƙensu kamar mai gadin jarrabawa. Sauran wurin kuma makullai da caja da takardun ɗalibai suka cinye shi.

Da abin ya tsaya nan, da labarin dariya ne kawai.

Babana manomi ne, yana ƙauyenmu a yankin Rawayau ta ƙasar Kurfi. Ni ne autansa. Yayyena ba sa cin abinci da shi, kunya ba ta barinsu, ni kuwa tun ina rarrafe hannuna ke cikin akushinsa, kuma da na girma ba a raba mu ba. Ba mutum ne mai magana ba. Za mu iya cinye kwano guda bai ce uffan ba, sai dai in akwai nama ko kifi ya tura shi gabana da bayan yatsa ba tare da ya dube ni ba. Bayan na koma Dutsin-Ma, duk ranar kasuwa da ya samu sarari yakan hau bayan babur ya zo, ya yi ɗan cefanensa, ya yi Azahar, ya shigo gidana mu ci abinci, kafin La'asar ya kama hanya. Wannan cin abincin shi ne hirarmu, ba mu da wata. In aka cire shi, ban san me ya rage tsakanina da shi ba sai gaisuwa.

Da damina aka kawo teburin, shi kuwa in ruwa ya sauka ba a ganinsa sai an kai amfani gida. Don haka sai bayan kaka ya zo. Ni har ɗoki nake yi. Na sa aka samo mini kifi manya daga dam ɗin Zobe, matata ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ta zuba man shanu yadda yake so. Na naɗe tabarmar da hannuna na jingine ta a bayan ƙofa, don kada ya gan ta ya nufe ta.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalminsa na roba a bakin ƙofa kamar kullum. Matata ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta koma ciki. Ya tsaya yana waige-waige, na san tabarma yake nema.

Na ce, "Baba, bisimilla nan. Yau a dainin za mu ci."

Ya ce, "A mi?"

Na ce, "Dainin."

Ya dubi teburin, ya dube ni, ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Allah shi sa ba daina ci za a yi ba."

Na yi dariya sosai, don ba kasafai yake barkwanci ba. Na jawo masa kujerar maigida. Ya ɗofana a bakinta, bai jingina ba, yadda mutum ke zama a layin ganin likita. Da ya ga farantai biyu ya ce, "Auta, haɗa muna wuri guda." Na juye a tire ɗaya, na ɗauke faifan da aka rufo tuwon da shi na ajiye gefe. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara sa hannu, na bi baya.

A loma ta uku ko ta huɗu ne na sunkuya, idona ya wuce gefen tiren ya sauka ƙasa. Ga ƙafafun Baba nan a kan farin tayil, daidai ƙarƙashin tuwon, gilashin nan ya fito da su tar. Faso ya tsattsage dugadugansa har gefe, ramuka masu zurfi, ya cike su da baƙin mai irin na inji yadda manoman wajenmu ke yi don kada su yi jini. Farcen babban yatsansa ya yi kauri ya lanƙwashe, ɗaya kuma babu shi sam, tun wata shekara da fartanya ta sare shi. Ƙurar hanya ta kwanta a kan man. Ga wani ƙuda ya sauka a bakin fason yana ta shafa hannuwa, ya tashi, ya zagayo ta sama, ya nufo miya.

Shekara arba'in da wani abu ina cin abinci da mutumin nan ban taɓa ganin ƙafarsa a lokacin ci ba. A tabarma naɗe ta yake yi, riga ta rufe. Kowa haka yake yi, ba don an ce a yi ba, zaman ne ya zo da haka. Sai da na kashe kuɗina na sayo abin da zai ɗora abinci a kan ƙafar mutum, ya kuma buɗe taga a tsakani.

Ba zan ɓoye ba, ƙyama na ji. Kuma kafin in yi tunani hannuna na hagu ya riga ya ɗauko faifan nan ya ɗora shi a kan gilashin, daidai saitin ƙafafunsa. A hankali na yi, kamar mai gyara wuri.

Baba ya dubi faifan. Ya ɗan karkata kai ya leƙa ta gefensa, ya ga abin da aka rufe. Bai dube ni ba. Sai na ji ƙarar ƙarfen kujera, ya ja ƙafafunsa baya ya cusa su ƙarƙashinta iyakar yadda za su shiga. Ya ƙara loma biyu. Ya tura tsokar kifin gabana da bayan yatsa kamar yadda ya saba. Sannan ya suɗe hannu ya ce alhamdu lillahi.

Na ce, "Baba, ai ba ka ci komai ba."

Ya ce, "Na ƙoshi, Auta. Tsuhwa ne, ciki ba shi ɗaukar abinci kamar da."

Na raka shi ya hau babur, na dawo na tarar da faifan yana nan inda na sa shi. Na ce wa kaina bai lura ba. Na kwana biyu ina faɗa wa kaina haka.

Kasuwar da ta zagayo ya zo, amma a ƙofar gida ya tsaya. Ya sa wa yara albarka, ya ba su rake, ya ce ya sha fura a kasuwa ta cika masa ciki. Ta gaba ya ce azumi yake yi. Ta gaba da ita bai shigo unguwar ba ma, mai babur ya aiko da ƙullin gyaɗa. Wata rana na ratsa ta kasuwa na hango shi a wata rumfa, zaune a ƙasa ya naɗe ƙafa, yana cin ɗanwake a kwanon mai sayarwa, shi kaɗai, gidan ɗansa kuwa ko minti goma ba a yi a ƙafa. Na laɓe bayan wata motar kaya har ya gama. Ban taɓa jin ƙyamar wani mahaluki yadda na ji ƙyamar kaina a bayan motar nan ba. Barkwancin da ya yi ranar farko ya dawo mini, wannan karon ban yi dariya ba.

Da na koma gida na fara kame-kame, ina ce wa matata ban san abin da ke damun Baba ba kwanan nan. Tana yankan alayyafo, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, ina bayan labule ranar. Na ga faifan." Sannan ta ƙara da cewa, "Faifai abinci ake rufewa da shi saboda ƙuda." Ban nemi ƙari ba.

Fitar da teburin ma sai da ya wahalar da ni. Na koma wurin mai shago ko zai karɓa ya sayar wa wani. Mutumin da ya ce duk manyan gari shi suke saye, shi ne ya taɓe baki ya ce ai an daina yayinsa, amma akwai wani sabo da ya shigo in ina so in gani. Abokan aikin da suka dame ni da tambayar dainin, kowa ya ce wurinsa ya cika. Daga ƙarshe wata mata 'yar kudu mai gidan abinci kusa da makarantarmu ta kwashi kujerun, ta ce gilashin kam in riƙe abina, kwastomominta masu cin sakwara ne. Aka jingine shi a bayan gida, kaji suna faɗa da inuwarsu a jiki.

Na je wurin kafinta ina sunkuyar da kai, na ce ya yi mini gajeren nan na katako da ya faɗa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tsoho ya zo ke nan." Na ce ya zo. Ya ce, "To ba ni da aiki a nan. Ka nemi tabarma mai kyau, ta ishe ku."

A Kurfi na saye ta, ta kaba, mai faɗi, na ɗaure a bayan babur na wuce ƙauye. Na tarar da Baba a gindin bishiyar bedi yana ɓarar gyaɗa. Tun a hanya nake shirya maganar da zan yi, da na durƙusa gabansa duk ta gudu. Ta ina mutum zai fara? A gidanmu ba a saba irin wannan magana ba, in na ambaci faifan ma kamar na sake ɗora shi ne. Abin da na iya cewa kawai, "Baba, an fitar da teburin nan. Yara suna ta tambayarka."

Ya ce, "Assha, abu mai kyau haka?" Ya ci gaba da ɓara. Can ya ce, "In Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa."

Ya cika alkawari. Lokacin bazara ta kankama, irin zafin da ko kare ba ya fita rana. Na shimfiɗa sabuwar tabarmar a lungun da magini ya kira dainin, aka yi tuwon dawa, aka samo kifi. Na ji sallamarsa na fita da sauri. Ya tuɓe takalmin roba a bakin ƙofa, sai na ga safa a ƙafarsa. Sabuwa fil, ruwan ƙasa, har da layin ninkin kanti a jiki. Ta yi masa yawa, dunduniyarta ta hau har idon sawu. Mutumin da ya haura saba'in, ko ranar ɗaurin aurena ban gan shi da safa ba.

Ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa, ya ja riga ya rufe. Na zauna gabansa.

Na ce, "Baba, ka cire safar nan mana, ana zafi."

Ya ce, "Bar ta, Auta. Kurfi na saye ta. Kawo ruwa in wanke hannu."

Ranar ya ci sosai, har ya nemi ƙarin miya. Ya tura mini kifi da bayan yatsa. Ya yaba tabarmar, ya ce saƙar ta yi kyau, za ta daɗe. Da La'asar ta kusa na raka shi bakin hanya inda masu babur ke tsayawa. Kafin ya hau, ya dafa kafaɗata ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya zare safar, ya zare ɗayar, ya ninke su tare ya sa a aljihu.

Har yau yana zuwa, yana ci ya ƙoshi. Na yi magana sau biyu, sau uku, na ga maganar nauyi take ƙara masa, na bari. Ba ya sa safar a gona, ba ya sa ta a masallaci, ba ya sa ta a gidan kowa. Tana aljihunsa har ya iso ƙofar gidana, ya zauna a dakali ya sa ta, sannan ya yi sallama.